Tsuntsun da Mati ya rataye

Ran nan hadari ya haɗu a gabas tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ƙarshen damina ne, ana cirar gyaɗa. A ranar Mati ya harbi tsuntsun.

Mati manomi ne a wani ƙauye kusa da dam, a ƙasar Ɗanbatta. Ba maharbi ba ne, gadon bindigar kawai ya yi. Matarsa Juwairiyya ce ta ishe shi: "Malam, 'yan tsakina bakwai, saura uku. Tsakanin kai da bindigar nan ban san wa ya fi barci ba."

A wajenmu, da abin da tsuntsu yake ɗauka ake sanin danginsa. Mai ɗaukar tsaki shaho, mai fizgar nama a kasuwa shirwa, mai mushe ungulu. Da Mati ya hangi wani babba mai farin ƙirji a kan busasshiyar bishiyar bakin ruwa, ga baki a lanƙwashe, bai tsaya tambaya ba. Ya rataye gawar a jikin gora a saman gida, don sauran su gani su kiyaye, yadda aka saba.

Washegari aka sake ɗauke tsako.

Tasi'u masunci ya zo wucewa, ya sauke gorar, ya buɗe ƙafar tsuntsun. Tafin da kaushi kamar dutsen niƙa, yatsu biyu gaba biyu baya, ga ɓawon kifi a farce.

"Baba Mati, ai abokin sana'ata ka kashe. Shekara shida yana zuwa da kaka, ya tafi da bazara. Ko kallon kaza ba ya yi."

"To shaho ne ko gaggafa?"

"Oho! Kai da ka yanke masa hukunci, ba ka san sunansa ba?"

Maganar ta zauna wa Mati a ƙirji. Ya binne tsuntsun, amma ya ce gorar ba ta daina ƙarnin kifi ba, kuma tsakar rana inuwar fiffike takan gifta tsakar gida, ya ɗaga kai bai ga komai ba. Tsoronsa alhaki. Yana so ya nemi gafara, bai san wa zai ce ya zalunta ba. Duk baƙon da ya sauka, sai ya kwatanta masa ƙafar nan.

A kasuwar Ɗanbatta wani ma'aikacin gandun daji ya gane. Ya ce masana sun duba, ba su sa shi cikin shaho ba, ba su sa shi cikin gaggafa ba, dangi suka ware masa shi kaɗai.

Mati ya ce: "Ashe ba shi da mai bin kadinsa sai Allah."

Da yamma ya jefa bindigar a dam.

Yanzu ya haura saba'in, 'ya'yansa ke noman. Yana nan ƙauyen. Duk kaka yakan zauna a gindin busasshiyar bishiyar, kuma har yau wani irinsa bai sauka a kanta ba.