Injiniya da Katin Injin Gwaggo

Ɗan kawuna, wanda muke kira Injiniya, sati uku kacal ya yi a makarantar kwamfuta, kuma ko tocila ya taɓa sai ta mutu. Shi Gwaggo ta ɗauka ya kula mata da injin ɗinkin ado a shagonta.

Injin nan ya tsufa, ƙaramin katin memori mai giga biyu kaɗai yake karantawa, irin wanda ya ɓace a kasuwa. Injiniya ya ce wannan abin kunya ne. Ya sayo mai giga ɗari da wani abu, ya juye duk zane-zanen a ciki, ya wurga tsohon a shara.

Washegari injin ya nuna babu kati, ga rigunan makaranta tamanin suna jiran tambari. Ya hura katin, ya goga a wando, ya zagi kakan injin.

Gwaggo ta ce, "Sannu, gwani. Fita, kada in ƙara ganin wannan ƙaton kan naka sai da katina."

Kwana biyu yana tankaɗe bola da rariya. Katin dai ya samu, amma aikinsa na shago ya tafi. Yanzu ni ke kula da injin, kuma gwanintata ɗaya ce: ba na taɓa komai.