Yadin Ƙarshe na Leo Banasik

Duk unguwar Port Richmond da ke Philadelphia babu mai motar da bai taɓa kiran Leo Banasik ba. Direban janwe ne tun yana saurayi. Idan ƙanƙara ta binne maka mota, Leo zai zo da sarƙarsa ya fisgo ta, ya yi maka gyara da faɗa a kan sulɓaɓɓun tayoyinka. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Ba a riƙe masa tsani, ba a kama masa kaya. Ranar da aka yi masa aikin gwiwa, da nas ta turo keken marasa lafiya, cewa ya yi ta kai wa mara lafiya.

Laifinsa a idon unguwa ɗaya ne: ba ya son turi. A ƙwallonmu na Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a kutsa gaba, idan ya rage yadi ɗaya a cika abin da ake nema, sai madugun 'yan wasa ya rungume ƙwallo ya sunkuya, ƙatti biyu su dafa bayansa su danna shi gaba da ƙarfin tsiya. Ƙungiyar garinmu ta gwanance a wannan dabara har sauran ƙungiyoyi suka fara kukan a haramta ta. Gari ya tashi tsaye yana kare abinsa, Leo kaɗai ya koma bayan abokan gaba.

"Wannan ba ƙwallo ba ce, turin mota ne," in ji shi. "Namiji ya ci yadinsa da ƙafarsa."

Har gidan rediyo yake buga wa waya ya faɗi haka, mai shirin kuwa da ya ji tarinsa sai ya ce, "Leo, yau ma kai ne?" Vince, ƙanin matarsa, shi ya fi kowa samun abin yi.

"Haba yaya! Kai da ka ƙare rayuwarka kana jan motocin mutane, yau turi ne haram?"

"Ja daban, turi daban. Mai ja a gabanka yake, kana ganin fuskarsa. Mai turi ta baya yake lallaɓowa, irin halinka."

Amma akwai abin da ke cin Leo a rai, kowa ya sani, ba mai faɗa a gabansa. Kowace shekara da safiyar Ranar Godiya, bikin da iyali ke taruwa a ci talotalo, kafin naman ya nuna, mazan layinsu kan kara da na layin gaba a filin bayan coci. Leo yana buga wasan nan tun gashinsa na baƙi, kuma bai taɓa tsallake layin ci da ƙwallo a hannunsa ba. Kullum shi ne mai tare wa wasu hanya, su ci, a ɗaga su sama. Bana likita ya ce gwiwar ta gaji. Matarsa Dolores ta yarda da wasa ɗaya tak, ta ce bayan shi da hannunta za ta jefa takalman wasansa a shara.

Safiyar ta zo da sanyi da taɓo. Aka yi ta faɗuwa ana tashi, tsofaffi na haki, samari na dariya. Al'adar wasan ita ce, da zarar matan gida sun fito sun danna hon ɗin mota, an tashi kenan, kowa ya nufi tebur. Dolores ta riga ta iso bakin fili, ta baro kwaɓin fulawa a kicin, hannunta na kan hon. An yi kunnen doki, ƙwallo na hannun su Leo, saura yadi ɗaya su kai layin ci.

Vince, wanda shi ne madugunsu, ya miƙa masa ƙwallon. "Karɓi, tsoho. Yau kai ne madugu."

Leo ya karɓa, ya zare ido. "Duk wanda ya taɓa min baya, motarsa ta kwana a ƙanƙara har bazara."

Ya sunkuya ya kutsa. Ƙattin layin gaba suka mayar da shi baya kamar buhun wanki. Ya sake, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube a inda ya fara. Saura gwaji ɗaya. Ya dubi layin nan da aka shata da farin fenti, ga shi kusa har zai iya tofa masa yawu, sai tsoro ya kama shi, tsoron ya koma gida yadda ya saba komawa, kuma wannan karon babu baɗi.

Ya matso kusa da Vince, ya yi ƙasa da murya. "In ka ga na tsaya..."

"In na ga ka tsaya, sai me?"

"Ka sani ai."

"Na rantse ban sani ba. Ni jahili ne, ba na jin rediyo."

Leo ya cije baki. "Ka tura ni, ɗan banza."

"Jama'a, kun ji da kunnenku!" Vince ya kwarara ihu, har 'yan layin gaba suka tuntsire da dariya.

Leo ya sunkuya, ya shiga, ya tsaya cak. Sai ya ji kafaɗar Vince a ƙugunsa, ya ji wasu hannayen sun ƙaru, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Daga nan wani ɗan ƙaramin hannu ya sauka a tsakiyar bayansa, tulin mutanen ya gangara gaba, Leo ya faɗi rubda ciki, hancinsa a taɓo, ƙwallon a hayin layi. Ya daɗe a kwance yana kuka, daga baya ya ce taɓo ne ya shige masa ido.

A tebur Vince ya tambaye shi ko har yanzu a haramta turi.

"A haramta mana," in ji Leo, yana yanka talotalo. "Daga gobe."

Sai da ya cire rigar wasan ya ga tafin hannu na fulawa a tsakiyar bayanta, ɗan ƙarami. Ya waiga ya dubi Dolores, ita kuwa ta ci gaba da goge faranti kamar ba ita ba. Takalman sun tafi shara kamar yadda ta ce. Rigar kuwa Leo ya hana a wanke, tana nan rataye a garejinsa, bayanta na kallon ƙofa.