Ranar da 'Yar Malam Ta Ƙi Shiga Kwando

A duk shekarun da na yi a asibitin dabbobi a nan Keffi, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Alhamis da mage ta kunyata ni a gaban jama'a. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun saba jin ana ce mini gwanin kamu. To, bari ku ji inda gwanintar ta ƙare.

Lokacin ina babban mataimakin likita. Ga wanda bai san tsarinmu ba, likita ke duba dabba ya rubuta magani, mu mataimaka mu kama, mu ɗaure, mu yi allura, mu cike kati. Ni a shanu da awaki na tashi. Na sha kayar da bijimin da ya gagari ƙarti huɗu da igiya ɗaya, saboda haka kare da mage ban ɗauke su a bakin aiki ba. Shugabarmu ita ce Dokta Rabi, wadda a haife na haife ta. Baba Sule take kirana.

Ranar Litinin ta wannan makon wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Kaduna, Alhaji Nasiru, ya shigo mana ransa a ɓace. Mahaifiyarsa, Hajiya Asabe ta Angwan Iya, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma. An ba ta ranar aiki a wani asibiti a Kaduna, ana so ta bayyana ranar Asabar da safe don gwaje-gwaje, in ta kuskure kuwa sai ta sake bin layi na watanni. Daga nan a wurinsa za ta ci gaba da zama. Amma tsohuwa ta ce ƙafarta ba za ta taka mota ba sai da magen marigayi mijinta, wadda unguwa ke kira 'Yar Malam.

"Dokta, maganin barci kawai za ki ba ni," in ji shi. "In babu, in ɗura wa magen farasitamol, in sa ta a buhu, a jefa a but ɗin mota."

Dokta ta ajiye biro. "Alhaji, farasitamol kashe mage yake yi, ko ƙwaya ɗaya ce. Buhu da but kuma, kafin ku fita cunkoson Mararraba zafi ya gama da ita. Maganin barcin ma ba zan bayar ba."

Ta yi masa bayanin yadda ake yi. A yi wa magen allurar rigakafin hauka a ba ta kati. A kai kwandon tafiya, irin na roba mai ƙofa da tagogin iska, a ajiye shi a buɗe cikin ɗaki kwana uku, ana sa mata abinci a ciki har ta saba. Ranar tafiya ruwa kaɗai za a ba ta da safe, don kada ta yi amai. A ɗora kwandon a kujerar baya a ɗaure da bel, kuma komai kukanta kada a buɗe a hanya. Sannan ta juyo ta ce, "Baba Sule, na bar maka."

Na je a ranar na yi allurar, magen na kwance a cinyar Hajiya, ko motsi ba ta yi ba. Wannan ne ya ruɗe ni. Na ce a raina, kwana uku ana lallashin mage, sai ka ce amarya? Na bar kwandon a ofis, ban faɗa wa Dokta ba. Da safiyar Alhamis, ranar tafiya, na wanke shi tas da maganin nan mai ƙarfin wari da muke wanke turken shanu da shi, ina ganin na yi abin kirki.

Na tarar an gama loda kaya, maƙwabta sun cika tsakar gida ana sallama. Na kama 'Yar Malam ta wuya na nufi kwandon da ita. Hancinta na kaiwa ƙofar ta murɗe, ta yage mini hannu, ta haye katanga, ta ɗare can saman mangwaron gidan. Wata mata ta ce, "Ashe likitan ma yana buƙatar likita." Aka kwashe da dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta lalubi tabarma ta zauna, ta ce, "A sauke mini kayana."

"Inna, idonki fa," in ji Alhaji Nasiru. "Saboda mage?"

"Idon ya daɗe bai rufe ba. Amanar Malam ce, ba na barin ta a kango."

Kwana ɗaya ya rage, kuma ni na cinye ukun da aka ba ni. Na kira Dokta na faɗa mata gaskiya. Ba a jima ba ta sauka daga keke. Ta sunkuya ta shinshina kwandon, ta dube ni, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Baba Sule, ni ma da hancina na mutum ba zan shiga nan ba. Ka wanke da ruwa da sabulu, ka shanya. Sauran maganar sai mun koma ofis."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsuguna bakin rijiya ina wanki, ita kuma ta sa aka sallami maƙwabta, gida ya yi tsit. Ta durƙusa kusa da Hajiya ta ce, "Mama, ba mu da lokacin da za ta saba da kwandon. Sai dai mu sa mata abin da ta riga ta san ƙamshinsa. A kan me take kwana?"

"Da Malam na nan, a kan hiraminsa. Yana karatu tana barci."

"Akwai wani kayansa da ba a wanke ba?"

Alhaji Nasiru ya girgiza kai. "Babu. Duk an wanke an raba, ko hula ba a bari ba."

Hajiya ta miƙe tana bin bango ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙulli da ta ciro daga cikin matashin kanta. Ta kwance. Tsohon hirami ne, fari da ja, gefensa ya zare.

"Nasiru, ka yafe mini," ta ce. "Gadonku ne na ɓoye. Da shi ya yi sallarsa ta ƙarshe, na kasa bari a wanke."

Alhaji ya karɓa ya kai fuskarsa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa. Da ya sauke sai ya ce, "Na yafe, Inna. Wallahi ƙamshinsa na nan." Ni dai na juya na ci gaba da dirzar kwandon da ya riga ya fita, don idona ya kawo ruwa.

Da ya bushe, Hajiya da hannunta ta shimfiɗa hiramin a ciki, muka ajiye shi a buɗe a inuwar da Malam ke zama. Muka ja da baya. Bayan la'asar 'Yar Malam ta sauko, ta kewaya kwandon, ta sa kai, ta shige ta naɗe. Dokta ta hana ni rufewa, ta ce a bar ta ta kwana tana shiga tana fita. Da safiyar Juma'a a ciki aka same ta. Na rufe ƙofar a hankali, na ɗaure kwandon da bel kusa da Hajiya, ta zura yatsa ta tagar.

Bayan mako guda Alhaji ya bugo ya ce an yi aiki, an kwance bandeji, Inna tana gani. Takardar gargaɗi kuma na karɓe ta daga hannun Dokta, ban yi musu ba, don na cancance ta.

Abin da na koya shi ne, ƙarfin hannu rabin aikin nan ne kawai, kuma sau da yawa mai dabbar ya fi dabbar tsoron tafiyar. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da batun tafiya da kare ko mage, kafin in taɓa kwando sai na tambaye shi a kan me take kwana. Sannan in yi shiru in saurara, domin amsar ba kullum take tsayawa a kan dabbar ba.