Inda Mai Yake Kafin a Matsa

Jiya na bi ta wani lungu a unguwarmu, ƙamshin gyaɗa da ake soyawa ya tare ni, na tsaya cak kamar an kira sunana. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma hancina bai manta da tsakar gidanmu ba, a wani ƙauye da ke gefen Bagwai, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyaka sai ka ga layin gamba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika ɗaga ido ta dube ni a gaban mutane ba. A ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, na tashi. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta soya, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa, sannan ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi. Can sai ka ga abin ya haɗe jikinsa, mai ya fara tsattsafowa yana sheƙi. Kullum ina tsugune a gefe. Kaka takan ce da tambaya abinci ce, da na fi kowa ƙiba a gidan.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna na da ciki, kuma kowa a gidan a tsorace yake. Cikin da ya gabata, kwana biyu ta yi tana naƙuda, yaron ya zo ƙato, bai zo da rai ba. Ungozoma ta ce maiƙo ne ya girmar da shi. Tun daga ranar Kaka ta kafa doka: in Allah ya sake kawo rabo, Inna ba ita ba mai. Kafin a zuba man shanu a miyar kuka sai an kwashe tata a kwano daban. Nakan leƙa kwanon in ga miyar ta yi duhu, babu ko ɗigon mai a samanta. Haka Inna take ci.

Amma kowace safiya Kaka da kanta take dama mata kunun gyaɗa, mai kauri, da tsamiya, ta ba ni in kai ƙofar ɗakinta.

Wata rana bayan cirar gyaɗa, muna bakin turmi, ga Gwaggo ƙanwar Baba ta zo yini, ga ungozoma ta shigo gaisuwa. Mai ya fara tasowa, tambayar da ta daɗe tana cina ta kufce.

"Kaka, kafin ki matsa, ina man yake?"

"A cikin gyaɗar mana, sarkin tambaya."

"To ashe Inna mai take sha a kunu."

Na faɗa ne da jin daɗi, ina jiran a ce na yi basira. Ungozoma ta riƙe haɓa. Gwaggo ta dubi Kaka, ta ce, "Gaskiya yarinyar nan ta faɗa." Kaka ba ta daina juya turmi ba, amma ba ta sake dubana ba har aka gama toya ƙuli-ƙuli.

Washegari kunun gero aka ba ni in kai, tsararo.

Haka aka shiga bazara. Na ga abin da bakina ya jawo da idona, tun da ni nake kai kwanon. Inna ta rame, wuyanta ya yi tsawo, fatar ƙafarta ta yi fari ta tsattsage. In ta sunkuya shara sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ban san komai a kan lafiyar mai ciki ba, abin da na sani shi ne a da tana shan kunu har ta suɗe ludayi, yanzu kuwa tana turo mini rabi. Tsoro ya kama ni, na ga in wani abu ya same ta ko abin da ke cikinta, ni ce. Na daina tambaya. Kaka ma sai da ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake.

Ranar wata kasuwa, Kaka ta dawo da ƙulli a bakin zane. Ta kira ni bayan rumbu, inda ba mai ganinmu, ta kwance. Bandar tarwaɗa ce, irin wadda masunta ke kamowa a dam, da ɗan riɗi a ƙunshe.

"Wannan kifin, kin taɓa ganin an matse shi?"

"A'a."

"Riɗin fa?"

"Ban taɓa gani ba."

"To daka min su lukui. Kuma in kin sake buɗe bakin nan, sai na ɗinke shi da zaren buhu."

Ina dakawa ina ganin taɓarya tana sheƙi, tafin hannuna ya yi santsi. Tambaya ta taso har maƙogwarona, na haɗiye ta. Daga ranar, garin nan yake shiga miyar Inna, a ɓoye cikin daddawa. Miyar dai ba ta da mai a sama, ungozoma ta leƙa ta yi na'am. Da ruwan farko ya sauka Inna ta haihu, tsakanin hantsi da azahar, namiji, madaidaici, yana tsala kuka. Shi ne ƙanena da ke koyarwa a Shanono yanzu.

Bara na raka 'yata awo. Malamar asibiti ta ce wa masu cikin da suka taru mai iri-iri ne, kuma wanda ke cikin kifi da gyaɗa da riɗi jiki ba ya iya ƙera shi, sai an ci, da shi ake gina ƙwaƙwalwa da idon jariri. Ta ce girman yaro fiye da kima sau da yawa daga ciwon suga yake, gwaji ake yi, ba a hana mai ciki abinci a kan zato. Ina zaune a benci cikin yara matasa, tsohon halina ya motsa. Kaka ta daɗe da rasuwa, sai na ɗauki tambayar na kai wa Inna, wadda yanzu tsufa ya sa ta rage kunyata.

Na ce, "Inna, wai Kaka ba ta san akwai mai a kunun nan ba sai da na faɗa?"

Ta yi dariya har tana tari. "Ke, mace ta tsufa a bakin turmi, ke za ki gaya mata inda mai yake? Tsoron maganar ungozoma take, tausayina kuma take ji. Ta samo hanyar da za ta bi tsakani, kika zo kika toshe."

Yau a fili ake faɗin abin, har da hoto a bangon asibiti, kuma na gode Allah da haka. Da 'yata ta shiga wata na bakwai na sayo mata banda da riɗi, na daka da hannuna. Babu wanda zai hana ni, amma da na ɗaga kai sai na ga ashe bayan ɗaki na kai turmin.