Ruwan Sha da Ya Ƙare a Alwala

Cikin duk shekarun da na yi ina wa alhazai jagora, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Malam Iro ya kusa kashe wani tsoho da alwala. A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina aiki ƙarƙashin wani muɗawwafi, wato Balaraben da ake damƙa wa alhazai ya saukar da su, ya kula da ibadarsu. Mu Hausawan unguwar Hindawiyya mu ne bakinsa da ƙafarsa. Malam Iro shi ne babban dalili, mai ja-gaba, ni kuma mataimakinsa, salkunan ruwa a wuyana suke.

Bayan an sauko daga Mina alhazai kan zauna jiran jirgi har zaman ya ishe su, sai mu kai masu ƙarfi yawon ziyara cikin duwatsu. Ranar mutum goma sha biyu muka kai a mota gindin tsohuwar hanyar ƙafa mai hawa Ɗa'ifa. Ƙa'idar aikin a sarari take: a tashi bayan asuba, a juyo kafin rana ta take, salka ɗaya ta hawa, ɗaya ta saukowa. Ba a kwance ta biyu sai an ba dutse baya.

Malam Iro yana da ciwo guda, bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Hanyar cike take da kufai: rusassun gidajen tsaron sojan Turkawa, ƙananan masallatan matafiya, da zanen raƙuma a jikin dutse tun zamanin jahiliyya. Shi kuwa kowane kango sai ya yi masa sahabi. Ya tsaya ya gyara gutura, ƙyallen da ke kansa, ya lumshe ido, ya zuba labari kamar yana wurin aka yi. Sannan ya ce a sabunta alwala a yi raka'a biyu.

A kango na uku na ja shi gefe na ce, "Malam, alwalarsu ba ta karye ba. Ruwan salka ya kusa rabi."

Ya ce, "Kai ɗan ruwa ne ko malami? Alwala kan alwala lada ne. Yalla, zuba musu."

Na zuba. Har yau ina jin haushin kaina. A kango na biyar ya sa na kwance salkar saukowa.

Cikin alhazan akwai Alhaji Bawa, dattijon manomi daga ƙasar Katsina. Ashe tun safe bai kai ruwa bakinsa ba, rabonsa duk a alwala yake ƙarar da shi don kada lada ta wuce shi. Ban lura ba, kuma aikina ne in lura.

Wuri na shida da'ira ce ta duwatsu, ba rufi. Kashin awaki ko'ina. Malam Iro ya share da takalminsa, ya ce har dabbobin dawa ke zuwa nan neman albarka. Suna sallame raka'a biyun Alhaji Bawa ya kife, leɓɓansa sun bushe, idonsa ya juye. Na matse salka, ko ɗigo babu, ga mota can ƙasa, tafiyar awa biyu. Babban dalili sai ya koma tofa addu'a yana waige-waige.

Allah ya jeho wani Badawi, Balaraben daji, da garkensa. Bai yi tambaya ba, ya kwance salkarsa, muka jiƙa wa tsohon kai da ƙirji, muka riƙa ɗiga masa a baki har ya buɗe ido. Sai a lokacin mutumin ya dubi sallayun da aka shimfiɗa, ya yi magana da Larabci.

Alhaji Bawa ya ce, "Yaro, me yake cewa?"

Malam Iro ya harare ni. Na kau da kai na ce, "Baba, cewa ya yi in kun gama ku ba shi wuri. Garken awakinsa ne, mahaifinsa ya gina."

Tsohon ya dubi Malam Iro a hankali ya ce, "Malam, sallar dai Allah na yi wa, ba ta ɓata ba. Amma da na mutu a nan, me za ka ce wa iyalina? A garken wane sahabi?"

Goyo muka sauko da tsohon. Muɗawwafi bai kori Malam Iro ba, don alhazai na son mai baki, kuma badi ma sun bi shi. Ni dai daga ranar na koyi abu biyu a wannan sana'a. Salkar saukowa ba na kwance ta ko waye ya ce. In kuma alhaji ya nuna kango ya tambaye ni na wane ne, sai in ce ban sani ba, in miƙa masa ruwa in tsaya sai na ga ya sha.