Malamar Da Ta Ƙi Kujerar Ofis

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiyar, wadda ɗalibai suka laƙaba wa Malama Alli, a shekarar 1961, a wani ƙaramin gari na bakin titin jirgin ƙasa. Mahaifinta direban babbar mota ne, mahaifiyarta kuwa tela. Ta yi firamare a garinsu, sannan ta shiga kwalejin horar da malamai, ta kammala a 1982.

Aiki da aure

A shekarar ta fara koyar da lissafi a sakandaren unguwarsu, cikin aji mai tagogi biyu da allon siminti. Ba a banza aka yi mata laƙabin ba, domin ba ta iya bayani sai da rubutu. Ta cika allo, ta goge, ta sake cikawa, har ta fito fari fat. A 1985 ta auri wani mai gyaran rediyo, sarkin zolaya, wanda kan ce bai san ko mata ya aura ko buhun fulawa ba.

Rashin lafiya

A 2011 tari ya sa ta gaba, likita ya yanke hukunci cewa ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar ƙurar alli ba. An gwada farin allon da ake rubutu a kai da alƙalamin tawada, warin tawadar ya ƙara tayar da tarin. Allon zamani na lantarki, wanda ake taɓawa ya yi rubutu, ya fi ƙarfin makarantar nesa ba kusa ba. Sai shugaban makaranta ya ware mata kujera a ofis. Hankalinta ya tashi matuƙa, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, idan ka raba ni da aji, ka gama da ni."

Babbar 'yarta, ɗalibar kwamfuta, ita ta samo tsohon majigi da ƙaramar kyamara, ta sauke wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke da izinin gyarawa. Uban ya harhaɗa alƙalami mai ɗan ƙwan fitila, aka shafe bangon ajin da farin fenti. Majigin na haska bangon, kyamarar na bin hasken alƙalamin, sai rubutu ya bayyana ba ƙura ba tawada.

Ranar farko an sha dariya, domin ta tsaya gaban hasken yadda ta saba, inuwarta ta rufe darasin ruf. Tilas ta koyi raɓewa gefe tana miƙa wa ɗalibai alƙalamin, har masu noƙewa suka koma rige-rigen fitowa gaban aji. Tarin ya lafa, shugaban ya janye batun ofis, ta ci gaba da koyarwa cikin farin ciki har ta yi ritaya a 2017.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar bayan gari, tsofaffin ɗalibanta suka yi mata rakiya. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: injiniyar kwamfuta, da ma'aikacin jinya, da mai sayar da kayan gini, sai autarta, wadda ta gaji ajin, take koyar da lissafi a jikin bangon nan. Allah ya jiƙanta da rahama.