Yajin Inna a gaban kwastan

Takardar kwastan na hannuna, layi na matsawa, ni kuwa sai sauya ƙafa nake. Tambaya ɗaya ta hana ni sakat: kana ɗauke da abinci?

Ƙanwata Hauwa ce ta haihu a Kanada. Innarmu a Gwandu ta yi kwana uku tana dakan yajin jego, ta haɗa da kilishi, ta cusa su cikin zannuwan goyo, ta ce kada in faɗa wa kowa.

Na tuna an ce in an kama ka da ƙarya, daga nan sai gida. Na rubuta gaskiya.

Jami'ar kwastan ta shinshina yajin, ta yi atishawa, ta mayar. Kilishin kuwa ta wurga shi kwandon shara ina kallo.

Na kira Inna.

"Inna, na faɗa musu. Sun karɓe kilishin."

"Yajin hwa?"

"Ya wuce."

"To mi ne na damuwa? Mahauci ko'ina akwai shi. Mai daka mata yaji ne babu."

Ku fa, da kun faɗa, ko da kun bi maganar Inna?